Tambari a Ƙarƙashin Leda

Babana ba ya son ganin takarda tsirara. Ya fi shekara ashirin yana da shagon fotokwafi a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da gilashin ido, kuma duk takardar da ta shigo hannunsa sai ya ba mai ita shawarar a liƙe ta da leda. A gidanmu katin rigakafi yana da leda, hoton aurensu da Inna yana da leda, har lambar mai gyaran famfo ba ta tsira ba. Inna takan ce da injin ledar nan yana cin mutum, da tuni mu ma muna ƙyalli.

Shekarar da na tashi neman makarantar koyon aikin jinya, sai Baba ya ɗauki abin kamar shi za a ɗauka. Makarantu uku na sa wa ido. Biyu ya taka da ƙafarsa ya karɓo takardar sharuɗɗansu. Ta ukun kuwa wata mata ce ta kawo a yi mata kwafi, ya nemi izininta ya ƙara ɗaya. Ya samo bayan kwali, ya ja layuka da rula, ya jera abin da kowace makaranta take so, ya kafe shi a bangon shago kusa da agogo, tare da takardun sharuɗɗan uku.

Ta farko, wadda ke jikin babban asibiti, kiredit biyar take so a zama ɗaya. Ni kuwa Fiziks ya kayar da ni a karon farko, sai da na sake zama na ci, don haka sakamakona takarda biyu ne. Baba ya ja mata jan biro. Ta biyu ta yarda da zama biyu, amma sai mai shekara sha takwas cif ranar rufe fom, ni kuma saura mini wata uku. Mai gilashin ido ya leƙo ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, a ɗan taɓa takardar haihuwa. Baba ya dube shi ta saman gilashin da shi ya sayar masa, ya ce injinsa kwafi yake yi, ba ya ƙirƙira.

Saura ta uku ke nan, can ƙarshen layin bas. Ta yarda da zama biyu, ta yarda da shekaruna. In ta kuɓuce mini sai wata shekarar, ga shi na riga na yi shekara guda a shago ina danna sitefula saboda Fiziks. Ƙawayena biyu har sun fara sa farar riga. Ba na jin zan iya wata shekarar.

Na ci jarrabawar shiga, aka kira mu tantancewa ranar Litinin, kowa da takardunsa na asali. Da safe ina ɗaura takalmi Baba ya dawo daga shago da saurinsa, ya miƙo mini sakamakona biyu. Da ɗuminsu, suna walƙiya, ya ma zagaye kusurwoyin da almakashi don kada su soke ni. Ya ce, “Auta, yau ko ruwa ya sauko babu abin da zai same su.” Na yi godiya, don har ga Allah sun burge ni.

Mai tantancewar wata dattijuwar nas ce, da agogo maƙale a ƙirjin rigarta. Ina kan layi na lura ba ta fara karanta takarda. Sai ta lumshe ido ta shafa kusurwar ƙasa da babban yatsa, sannan ta buɗe ido ta duba suna. Da ta karɓi nawa yatsan ya zame. Ba ta yi faɗa ba, ta dai nuna mini sanarwar da ke bango, irin wadda Baba ya kafe a shago sak, sai dai wannan tana da layi ɗaya a can ƙasa wanda ban taɓa gani ba: ba a karɓar takardar da aka liƙe da leda.

Nan take na gane. Injin kwafin Baba, wanda muke kira Tsohuwa, tana cinye layin ƙarshe na doguwar takarda. Kowa a gidanmu ya san haka, Baba ma yakan tura takardar sama da yatsa kafin ya danna. Ranar da matar nan ta zo, murna ta sa ya manta.

Na ce, “Malama, wallahi na gaske ne.”

Ta ce, “Ban ce ba na gaske ba ne, ’yata. Amma na jabu ma ƙyalli yake a cikin leda. Hukumar jarrabawa tana danna tambari a jikin takardar, shi nake nema. In yatsana ya ji shi, ni da ke babu rigima. Laraba ƙarfe biyu nake rufe jerin sunaye.”

Daga nan na wuce ofishin hukumar jarrabawa, suka ce sabuwar takarda sai bayan wata uku. Na dawo shago raina a ɓace, na ajiye takardun a kan Tsohuwa, na gaya wa Baba abin da ya faru a gaban kwastoma biyu. Na ƙara da maganar da har yau nake jin kunyarta, na ce ba komai ne a duniya ake sa wa leda ba. Ya ciro kwafinsa daga bango, ya bi ƙasan takardar da yatsa inda layin ya kamata ya kasance, ya daɗe yana kallon wurin.

Talata na ƙi zuwa shago. Na ji dai ya ari dutsen gugar Inna da farin hankici, na ce a raina aikin banza, don shi da bakinsa ya sha gaya wa mutane leda in ta kama ta kama, in ka ɓare ta da rubutun za ta tafi. Da azahar Inna ta ɗora mini kwanon abincinsa, ta ce in kai, kuma in gyara fuskar nan kafin in isa.

Na tarar da ƙofar shago a rabin rufe. Dutsen guga yana tsaye a kan tebur, ga reza, ga gefunan leda da aka yanke siri-siri. Ya miƙo mini takarduna. Ta gaba suna nan da ƙyallinsu, amma da na juya sai na ga bayansu tsirara. Ledar baya kawai ya ɗaga, inda babu rubutu, da zafi kaɗan-kaɗan. Ya kama yatsana ya ɗora a kusurwa. Zafin injin ya ɗan kwantar da tambarin, amma yana nan, na ji zagayensa.

Laraba da hantsi Malama ta juya takardar farko, ta lumshe ido. Ta daɗe tana shafawa, har na fara jin bugun agogonta. Ta yi wa ta biyu haka, sannan ta tambayi wanda ya yi aikin. Na ce babana. Ta rubuta sunana, ta ce in gaya masa yana da hannun cire bandeji.

Washegari ina share shago na ga ƙusa a bango babu komai a jikinta, da murabba’in wuri da fentinsa ya fi sauran haske. Nan takardar gama sakandaren Baba take rataye tun kafin a haife ni, ita ce abu na farko da ya sa wa leda ranar da ya sayi injin. A kwandon shara na same ta gida biyu: takardar ta koma fara, ta yi gashi-gashi, ledar gaba kuma ta tafi da sunansa da makinsa duka. Ita kaɗai ce mai kauri da tambari irin nawa, a kanta ya gwada.

Na ce, “Baba, me ya sa ka fara ta gaba? Ai ka san za ta lalace.”

Yana jera takardu bai ɗago ba, ya ce, “Ji nake ana faɗa, ban taɓa gwadawa ba. Da in gano a kan taki, gara a kan tawa. Ni wa zai sake tambaya ta ita?”

Na so in ba shi haƙuri a kan maganar Litinin, kuka ya riga ni. Ya ce in matsa daga kan takardun mutane kada in jiƙa su.

Da takardar ɗaukata ta fito na kai masa. Ya goge hannu a rigarsa, ya karanta ta tun daga sama har layin ƙarshe, da yatsa. Na ga ya saci kallon injin leda. Sai ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko ambulan, ya zura ta a ciki ya ba ni. Ledar nan mai sunansa kuwa ban mayar da ita kwando ba. Tana cikin littafina na sassan jiki, da ita nake sa alamar inda na tsaya.