Matakalar Dogo

Wata uku dillali ya ce. A gabana ya faɗa, don ni ce maƙwabciyarsu ta ƙasa, kuma a lokacin ba abin da ake yi a gidan ban hau na gani ba.

"Mama, gida irin wannan wata uku ne," ya ce, yana share gumi. "In ya yi taurin kai, huɗu. Ki fara haɗa kaya."

Tela, matar gidan, ta dubi mijinta Dogo a kujerarsa. Dogo ya ɗaga hannun da ke motsi, alamar ya yarda.

Bari in ba ku labarin gidan tukuna. Dogo magini ne, shi ya gina shi da hannunsa a kan tudu, shekara talatin da suka wuce. Daga titi zuwa ƙofa mataki ashirin da uku ne, a matse tsakanin katanga biyu. Ranar da zai zuba matakalar bai ɗauko ma'auni ba. Ƙafarsa ya ɗaga, inda ta tsaya ya ja layi. Shi kuwa mutum ne da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar kowa. Tun a ranar matarsa ta yi magana.

"Malam, mu gajeru fa?"

"Za ki saba."

Ta kuwa saba. Ta hau da ciki, ta hau da goyo, ta hau da kan keken ɗinki a ka.

Sai ga shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Da aka sallamo shi daga asibiti, maza huɗu suka ɗauko shi a kujera. A mataki na sha biyar ƙafar ɗaya ta goce, saura ƙiris su gangaro gaba ɗaya. Tun daga nan Dogo ya ce ba mai sake ɗaukarsa. Maganar tasa ta yi nauyi, amma wannan kowa ya ji ta sarai.

Ga shi kuma mutum ne mai son zaman waje. Kafin ciwon, duk yamma a bencin shagon mai kayan gini yake, shi da abokansa, suna kushe ginin mutane. To, daura da shagon akwai wani ɗan gida, ɗaki biyu, ƙofarsa daidai da titi, keken guragu zai fita ba tare da an ɗaga shi ba. Mai shi ya ce zai jira su wata shida. Abin da ake nema ke nan: a sayar da na tudu, a sayi na ƙasa, Dogo ya koma benci.

Cikin mako guda Tela ta ɗaure kayan gidan kakaf a kwalaye. Har labule ta sauke. Ta rubuta a jikin kowane kwali abin da ke ciki, ta bar tukunya biyu da kofi uku.

"Kin yi sauri, ƙawata," na ce.

"Gara a same ni a shirye."

Masu dubawa suka fara zuwa. Na farko wasu ango da amarya ne, ita da tsohon ciki. Ta iso sama tana haki, ta nemi inda za ta zauna, ba ta ko leƙa ɗakunan ba. Wani ɗan kasuwa ya tsaya a titi, ya ɗaga kai, ya koma motarsa. Dillali ya kawo dabara.

"Mama, in sun iso ki ba su ruwa, ki ja su da hira. Kada a yi maganar gida sai numfashinsu ya dawo."

Tela ta yi ta ba da ruwa. Sai ta buɗe kwali ta ciro kofuna. Sanyi ya shigo, ta buɗe na barguna. Da aka shiga wata na biyar ta kwance keken ɗinki, tunda ba a cin jira.

Autarsu ta zo daga inda take aure, ta ce, "Baba, a fasa matakalar mana a zuba ƙanana."

Dogo ya sa aka tura shi bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallon aikinsa. Ya nuna katangar dama, ya nuna ta hagu, ya nuna titi a ƙasa.

"Ba... fili," ya ce.

Ƙananan matakai sai sun ci rabin titi. Shi ya fi kowa sani.

Wata shida ya cika. Tela ta je ta roƙi mai ɗan gidan, ya ƙara musu. Aka rage kuɗin gida, aka sake ragewa. Dillali ya daina hawa, sai dai ya tsaya a gindin matakala ya buga waya.

"Ɗan nan, wata uku ka ce mini," in ji Tela.

"Mama, yawanci nake nufi. Wani gidan wata uku, wani shekara. Kasuwar ce ta kwanta."

"Ta kwanta ko ta kasa hawowa?"

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

Abokan benci da fari suna hawowa duk mako. Amma su ma tsofaffi ne. Mai kayan gini ya koma wata-wata, sauran suka koma aiko da gaisuwa. Dogo yakan sa a ajiye shi a tagar da ke kallon titi. Daga nan ana hango rufin shagon, ba a ganin bencin.

A wata na sha biyar mai ɗan gidan ya ce ƙarshen wata shi ne ƙarshe, shi ma yana da tasa buƙatar. A makon ne wata malamar makaranta ta zo. Siririya ce, ta hau a guje kamar ba komai. Ta zaga ɗakuna, ta tsaya a taga.

"Kai, iskar nan. Baba, kai ka gina?"

Dogo ya gyaɗa kai. Rabon da in ga haƙoransa har na manta.

"Ina so," ta ce. "Jibi zan kawo mahaifiyata ta gani, tare za mu zauna."

Tela ta wuni tana mayar da kofuna cikin kwali. Ni dai na tuna tsohuwa da matakalar nan. Bakina ya yi ƙaiƙayi, na danne.

Ranar da ta faɗa suka zo da hantsi. Ina tsaye a ƙofata. Tsohuwar 'yar ƙarama ce, ba ta kai ni ba. Ta kama hannun 'yarta ta hau ɗaya, biyu, tana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata. A na shida ta zauna.

"Saura nawa?"

"Kaɗan ne, Umma."

"Kada ki yi mini wayo, saura nawa?"

"Sha bakwai."

Tsohuwar ta ɗaga kai ta hango Tela a sama.

"Baiwar Allah, wa ya yi wannan aikin? Raƙumi aka gina wa?"

"Mijina ne," in ji Tela.

"Ya iya gini, wallahi, ko tsagewa babu. Amma in na hau, sai dai a sauko da ni." Ta juya ga 'yarta. "In kina so ki saya. Ni ki bar ni inda nake."

Malamar ta hau ita kaɗai ta ba da haƙuri. Ta durƙusa gaban Dogo, ya kawar da kai wajen taga.

Ɗan gidan ƙasa kuwa, a hannun dillalin nan namu aka sa shi. Kwana goma sha ɗaya ya yi aka saye shi. Dillalin ne ya gaya mini da bakinsa, har da ɗan alfahari, sai da ya ga fuskata ya yi shiru.

Washegari na lallaɓa na hau. Na tarar kwali ɗaya ya rage a kusurwa, na labule. Tela ta yanke igiyar, ta kakkaɓe su, ta hau kujera tana ratayewa. Ta bi taga-taga har ta zo tagar titi.

"Bar... wannan," in ji Dogo.

Ta sauko, ta ninke shi ta ajiye. Ya daɗe yana juya harshe kafin maganar ta fito.

"Da na... auna... da ƙafarki."

"Ai na faɗa maka, Malam. Ka ce zan saba."

Ta gyara masa bargo a gwiwa, ta koma kan kekenta.

Yau shekara biyu da wata biyar da sa gidan a kasuwa. Allon sayarwa na nan a gindin matakala, rana ta cinye lambar wayar, Tela ta bi ta da fenti da hannunta. Ni ma gwiwa ta hana ni hawa tun bara. In na fito da yamma nakan tsaya a mataki na farko in ɗaga murya.

"Dogo, ya jiki?"

Wani lokaci in ga hannu a taga. Wani lokaci kuma sai ƙarar keken Tela kawai.