Ƙyauren Gidan Inna

Kullum da la'asar sai Inna ta ɗaure kayanta. Kayan ma ba wasu kaya ba ne, zani biyu ne da kwalbar man zafi da takalmi wari ɗaya, amma takan ƙulle su tam a ɗankwali, ta zauna a bakin kujerar falo tana jira. Duk wanda ya gifta sai ta ce, "Don Allah idan kun gama, a mai da ni gida. Na daɗe."

Abin da ke cin ran Auta, 'yarta ta ƙarshe, shi ne a gidan nata take. A nan ta haife su, a nan ta yi jinyar mijinta har ya cika. Ko taku ɗaya gidan bai matsa daga inda yake ba. Yaya ne dai, babban ɗanta, ya shiga tsakaninta da shi, kuma da kyakkyawar niyya, wadda ita ce ta fi wuyar yi wa faɗa.

Lokacin da Inna ta faɗi ta karye a ƙugu, daga asibiti Auta ta wuce da ita wurinta, aka daɗe ana jinya. Yaya ya ga dama ta samu. Shi mutum ne da in ya ga tsohon abu sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Ya kwaso ma'aikata, aka shimfiɗa tayil a kan daɓen siminti, aka cire tagogin katako aka sa na gilashi masu zugewa, aka kafa ƙofar ƙarfe mai furanni ruwan gwal, irin wadda in an rufe ta sai ka ɗauka banki aka tashi. Tsofaffin kayan kuwa ya ce masu saye su kwashe, ko kallo bai ƙara yi musu ba. A wannan tsakanin idon Inna ya dusashe, tunaninta kuma ya fara zubewa kaɗan-kaɗan. Ranar da aka dawo da ita, Yaya yana gaba yana murmushi yana jiran albarka, ta tsaya a tsakiyar falo ta ce, "Masu gidan ba sa nan ne?"

Auta ta tattaro keken ɗinkinta ta tare a gidan. Ta ba hamsin baya, 'ya'yanta duk sun kama gabansu, ba abin da zai riƙe ta. Tana yi wa Inna wanka, tana ba ta abinci a baki, Inna kuma tana godiya irin wadda ake yi wa baƙo mai kirki. "Sannu, baiwar Allah. Allah Ya ba ki masu yi miki." Auta takan amsa da amin, ta shiga kicin ta tsaya gaban famfo ba ta kunna ba. Kewar uwarta take yi, uwar tana zaune a falo. Ta sa wa ranta cewa in Inna ta gane gidan, za ta gane wadda ke cikinsa.

Wata rana ta tarar da ita a bakin ƙofar ƙarfen, tana shafa ta da tafin hannu, tana laluben mariƙi a daidai ƙugunta, inda babu komai sai fure. Auta ta daɗe tana kallon hannun nan. Washegari ta bar Inna wurin maƙwabciya ta nufi bayan gari, inda masu sayar da kayan rusau suke.

Fili ne babba, kuma duk gidan da aka rushe a garin yana da wakili a cikinsa. Ga ƙyamare jingine da juna sahu-sahu, ga tagogi ba gilashi, ga kwanon rufi da tsatsa ta cinye, ga bulo da tubali an tsibe, ga bahon wanka kaza ta yi ƙwai a ciki. Mai wurin, wanda kowa ke kira Mai Rusau, ya saurare ta yana sakace haƙori.

"Hajiya, ƙyaure kore mai nauyi? Duba can. Duk waɗancan kore ne, kuma duk suna da nauyi."

"Namu akwai tsagi a ƙasa, inda fedar keken Babanmu take bugu."

"To, kowane gida da babansu da kekensa," in ji shi, amma ya tashi ya taya ta.

Ba ranar ta same shi ba, ba kuma zuwa na biyu ba. Ta ɗaga ƙyamaren mutane har tafin hannunta ya yi kanta, tana ganin lambobin gidajen da ba ta sani ba, da ƙusoshin da wasu suka rataya labule. Sai a wani zuwan, ta gaji ta nemi wurin dafawa, ta dafa teburin da Mai Rusau ke baje kawunan famfo da kwaɗuna a kai. Teburin ƙyaure ne aka kwantar a kan durom biyu. Yatsunta ne suka riga idonta, suka faɗa cikin tsagin.

Ba ta yi niyyar kuka a gaban mutane ba, amma ya zo. Mai Rusau ya kwashe kayansa a buhu, ya haɗa mata da wani tsohon firam na katako da zai yi daidai, ya kira mai kura.

Yaya da ya ji, sai da ya yi tsalle ya dire. "Auta, kanki ɗaya kuwa? A cire ƙofar da ko harsashi ba ya huda ta, a mai da wannan ruɓaɓɓen? Mutane su ce me?"

"Su ce abin da suka ga dama, Yaya. Kai kana zuwa ka gaishe ta ka tafi. Ni nake jin ta kullum tana roƙo a kai ta gida."

Ya karkaɗa makullin motarsa, ya ce ta yi yadda ta so.

Kafintan da ta samo mutum ne mai ji da aikinsa, fensir a bayan kunne, ba ya son a tsaya masa a ka. Abu ɗaya ta gargaɗe shi, kada ya taɓa fentin, kada ya canza mariƙin. Ta tafi kai ɗinkin mutane. Kafin ta dawo ya gama, yana tsaye yana goge hannu.

"Hajiya, wannan ƙyaure ya sha wuya. Ya saki, ya karkace, ga tayil ya ɗaga ƙasan. Na rage masa gindi, na sa masa sababbin ƙarafan rataya, na ba su mai. Duba nan." Ya tura shi da ɗan yatsa ɗaya, ƙyauren ya tafi sumul ba ko ƙara. "Jariri ma zai buɗe shi."

Auta ta yi ta sa masa albarka. Ita ma a ganinta aiki ya yi kyau.

Da yamma ta riƙe hannun Inna suka fita ta ƙofar baya, suka zagayo ta titi a hankali, suka wuce shagon mai faci da na mai aski, suka tsaya a gaban gidan. Zuciyar Auta na bugawa kamar ta ɗalibar da za a kira sakamako. Ta ɗora hannun Inna a kan mariƙin.

Inna ta tsaya cak. Yatsunta suka zagaye ƙarfen, suka zauna daram. Sai ta ja numfashi, ta cije leɓe, ta ɗaga mariƙin sama da iya ƙarfinta, ta sa gwiwa ta tura.

Ƙyauren ya fizge ya bugi bango. Da Auta ba ta rungumo ta ba, da a kan tayil za ta kife, da ƙugun da aka sha wuya kafin ya haɗu. Tsohuwar ta ƙanƙame rigar Auta.

"Ba nan ba ne," ta ce. "Namu ba ya sakin mutum haka. Baiwar Allah, gidan wa kika kawo ni?"

Auta ta zaunar da ita, ta ba ta ruwa, sannan ta koma ta tsaya gaban ƙyauren tana jin haushin kanta. Yaya aka yi ta manta? Tun tana yarinya ƙyauren nan yake jan ƙasa. Sai an ɗaga, an sa gwiwa, sannan ya yi gurnani ya ba da hanya. Babansu ya yi ta cewa zai gyara ranar hutu, hutu ya yi ta zuwa yana wucewa har shi ma ya wuce. Ita ta tuna launi da tsagi, abin da ido ke gani. Inna kuwa idon ya tafi, abin da ya rage mata yana hannu da gwiwa.

Da safe ta kira kafinta ta faɗa masa abin da take so. Ya cire fensirin daga kunne ya dube ta.

"Hajiya, ban gane ba. In ɓata shi?"

"Ka mai da shi yadda ka same shi, Malam."

"Ni tunda na fara sana'ar nan ba a taɓa kira na in sa ƙofa ta ja ƙasa ba. In wani ya gani ya tambaya, don Allah kada ki ce ni ne."

Ya tona cikin tarkacensa ya samo guntun da ya yanke, ya mai da shi da ƙusa bayan ya ɗan rage kaurinsa, ya kwance ƙarfen sama ya sassauta shi, yana yi yana ƙunƙuni. Ana cikin haka motar Yaya ta tsaya. Ya ji labarin faɗuwar da aka kusa yi, ya zo da faɗansa a baki. Ya tarar kafinta na gwada ƙyauren, gindinsa na kartar sabon tayil, ƙiiii, farin layi na fitowa. Auta ta gyara tsayuwa tana jiran tsawa.

Yaya ya karkata kai yana saurare.

"A'a," ya ce. "Ba haka yake ba. Ba daga farko yake kamawa ba, sai ya ɗan buɗu. Matsa ka gani."

Ya naɗe hannun riga, ya kama mariƙin, ya ɗaga, ya sa gwiwa. Ya sa aka ƙara sassautawa, aka ɗan ɗaure, aka sake sassautawa. Mutumin da ko kwan fitila ba ya canzawa da hannunsa, ga shi durƙushe a ƙasa da farar shadda yana nuna wa kafinta inda za a kankare. Can ƙyauren ya yi wani gurnani mai kauri, ya tsaya a rabi. Yaya ya saki mariƙin, ya juya musu baya, ya daɗe yana kallon titi.

"Shi ke nan," ya ce, muryarsa a dishe. "In na dawo yawo na makara, wannan ƙarar ce take tona min asiri."

La'asar ta yi, suka sake zagayowa da Inna, Auta a dama, Yaya a hagu. Wannan karon da ƙyar Inna ta yarda ta miƙa hannu. Ta kama, ta ɗaga, ta sa gwiwa. Ƙyauren ya yi gardama, ya yi gurnaninsa, ya buɗu rabi ya tsaya.

"Kai, wannan ƙofa," in ji Inna, cikin wata murya da suka daɗe ba su ji ba, mai ƙarfi, mai mita. "Kullum sai ya ce zai gyara."

Ta saki hannunsu ta shiga da kanta. Ba ta lalubi bango ba. Ta yi dama, inda kujerarta take tun asali, ta zauna, ta miƙe ƙafafu, ta sauke ajiyar zuciya irin ta wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Yaya ya rufe fuska da hula ya fita waje.

Auta ta tsaya a gabanta, kusa sosai, inda hasken ƙofa zai faɗo mata a fuska. Ta jira. Inna ta ɗago ta dube ta, ta yi mata murmushi mai daɗi. Can Auta ta juya ta kama ƙyauren za ta rufe.

"Bar shi a buɗe, baiwar Allah," Inna ta ce. "Autata ba ta dawo daga makaranta ba. Ita ba ta iya ɗaga shi, sai ta tsaya a waje tana ta kira na."

Hannun Auta ya tsaya a kan mariƙin. Ta saki ƙyauren, ta jawo ƙaramar kujera ta zauna a gefen uwarta, suna fuskantar titi.

"Kin san ta ne?" Inna ta tambaya.

"Na san ta, Inna."

"Ba ta tsayawa wasa a hanya. Zauna, yanzu za ki gan ta."