Gayyar Alkasum a Gonar Suruki

Sau uku Lubabatu tana sauke ƙwaryar fura a gindin gawo, sau uku tana sake ɗauka, wai inuwar ba ta yi mata ba. Ba laifin inuwa ba ne. Zuciyarta ce ta ƙi zama wuri ɗaya tun da hantsi.

Yau Alkasum ya kawo gayya gonar mahaifinta, Malam Abdulmumin, can bayan garinsu a ƙasar Dakusa. Saurayin da aka yi wa alkawarin yarinya dole ya tara abokansa su yi wa suruki noma, a ga ƙarfinsa, a ga yawan jama'arsa. Samari ashirin da biyu ya kawo, har da makaɗi. Bayan kaka za a ɗaura aure, kuma ita ce ta zaɓe shi da kanta.

Ga shi can gaba cikin gero, ya yi wa kowa nisa, hauyarsa na tashi tana sauka ba hutu. Makaɗi ya bar sauran ya koma bayansa yana zuba kirari. Matan da suka kawo abinci sai guɗa suke, suna zungurin Lubabatu.

"Luba, kin yi dace! Wannan ko jaki ya mutu ba kwa rasa mai ɗaukar kaya."

Ta yi murmushin dole. Su ƙarfinsa suke gani. Ita kuwa ta lura tun safe bai sha ruwa ba, sai sosa wuya yake yi. Kuma da idonta ta ga ya juya baya kafin a fara, ya ɓare ƙwayoyi daga takarda mai ƙyalli, ya kora da shayi. Ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Ta taɓa yi masa maganar tramol wajen zance. Dariya ya yi, irin dariyar nan tasa da ke kashe mata jiki, ya ce, "Don ke nake yi. A gama gayya na daina, wallahi."

Hannunta ya sake komawa bakin zaninta, inda ta ƙulle wata 'yar takarda. Watan jiya a kasuwar Takieta wani jandarma da wata ma'aikaciyar likita suka hau bayan mota da lasifika, suka ce gwamnati ta kawo sabon tsari: wanda ƙwaya ta kayar a kira wannan lamba, gidan likita za a kai shi, ba kaso ba. Mutane suka yi ta dariya, wai yaushe jandarma ya koma mai magani? Ita dai ta karɓa ta ɓoye.

Kiɗa ya tsaya ba zato.

Ko da ta ɗaga kai, Alkasum na ƙasa, jikinsa na karkarwa, ƙafafunsa suna shure ƙasa. Ba ta san lokacin da ta ratsa gonar ba, gyale ya faɗi ba ta waiwaya ba.

"Rana ce!" in ji Ɗanƙarami, babban abokinsa, da ƙarfi don tsofaffi su ji. "Rana ce ta buge shi, Baba. A kawo nono a ɗura masa, yanzu zai tashi."

"Ko iskokin gawon nan," in ji wata tsohuwa. "Na sha faɗi a bar zama gindinsa."

Ɗanƙarami ya matso kusa da Lubabatu, ya yi ƙasa da murya. "Amaryarmu, kin san halin tsohonki. Ki kama bakinki, in kina son bikin nan."

Ta sani kuwa. Malam Abdulmumin ya taɓa rantsuwa a ƙofar masallaci cewa ɗan ƙwaya ba zai taka zaurensa ba. Ta dubi Alkasum. Karkarwar ta lafa, amma abin da ya biyo baya ya fi muni: wani minshari mai nauyi, numfashi ɗaya, shiru mai tsawo, sannan wani. Leɓunansa sun koma kalar toka. In ta yi shiru ƙila ya tashi, a yi biki. In bai tashi ba fa? Ƙila, ƙila! A kan ƙila za ta ajiye ransa?

Salula ɗaya ce a gonar da ke kama layi, kuma tana rataye a wuyan mahaifinta cikin jakar fata. Ta je gabansa ta durƙusa.

"Baba, ara mini salula."

"Wa za ki kira?"

"Jandarma."

"Jandarma? A kan zafin rana?"

"Ba rana ba ce, Baba." Ta ɗago ta dube shi. "Tramol ya sha. Na gani da idona."

Tsohon ya daɗe yana kallon ta, gemunsa na motsi. Sai ya cire jakar ya miƙa mata. Ta kwance 'yar takardar ta buga lambar.

"Birgad ɗin jandarma na Takieta, Kyari ke magana," in ji murya a waya. Lubabatu ta faɗi gari, ta faɗi gona, ta faɗi abin da ya sha. Kyari ya miƙa wayar ga wata mata, Madam Kaltuma, ma'aikaciyar likitan da suke fita tare.

"Ku kwantar da shi ta gefe. Kada a zuba masa komai a baki, ko ruwa ne, zai shaƙe. Kina ji na? Ki girgiza shi, ki yi ta kiran sunansa har mu zo."

Ɗanƙarami ya riga ya tallafo kan Alkasum, ƙwaryar nono a hannu. Ta kaɓe ta, nono ya watsu a kan gero. Jin an ce jandarma na tafe, samari suka fara zamewa ɗaya ɗaya, suna barin hauyoyi a ƙasa. Ɗanƙarami ya yi taku biyar, ya yi tsaki, ya dawo ya taya ta juya abokinsa.

Sunansa kuwa! Tun da aka sa rana ba ta taɓa furta shi gaban mutane ba, balle gaban mahaifinta. Ta rufe ido.

"Alkasum! Alkasum, kada ka yi mini haka! Alkasum!"

Ta kira har muryarta ta dushe. Ta miƙe ta hangi hanya, ta durƙusa, ta sake miƙewa. Wai Takieta ce ta yi nisa haka yau?

Daga ƙarshe mota ta kutso ta cikin rairayi. Madam Kaltuma ta duro tun ba ta gama tsayawa ba, ta buɗe idonsa ta duba, ta caka masa allura a cinya. Shiru. Shiru. Sai ƙirjinsa ya ɗaga, ya ja wani dogon numfashi, ya turnuƙe da tari. Lubabatu ta zauna daɓas a ƙasa, sai yanzu kuka ya zo mata.

Kyari jandarma, da ya tuƙo motar, ya dubi hauyoyin da aka zubar, ya girgiza kai. "Ku gaya wa masu su su zo su ɗauka. Ba hauya muka zo kamawa ba. Wanda kuma ke son rabuwa da abin nan, ƙofar likita a buɗe take."

Aka ɗora Alkasum bayan mota, Ɗanƙarami na riƙe da shi. Malam Abdulmumin ya matso ya tambayi Madam Kaltuma wata nawa ake yi ana maganin.

"Ya danganta da shi, Malam. Wani uku, wani shida. Wani yakan koma."

Tsohon ya juyo ga 'yarsa. "Bana ba aure. Na rantse, kuma ban janye ba."

Ta sunkuyar da kai. Dama ta sani tun lokacin da ta durƙusa.

Ya duƙa ya ɗauki hauyar Alkasum, ya kaɗe ƙasar jikinta, ya miƙa mata. "Ajiye masa. Rabin gonar ya bari. Baɗi ya zo ya nome ta da ƙarfin da Allah ya ba shi, in gani."

Mota ta tashi. Lubabatu ta rungume hauyar ta bi sawun taya har bakin gona, tana lissafin watannin da ke tsakaninta da wata damina.