Allon da Likita Ta Aike Shi Ya Sayo

Malam ya shekara goma sha tara yana koyar da tarihi, amma bai taɓa shiga ruɗani irin na ranar da matarsa ta aike shi sayen allon kwamfuta ba.

Ita likitar hoto ce. Aikinta duba hotunan ƙirji da ƙashi da ciki, ta rubuta abin da ta gani. Santsin matakala ya kwashe ta ta karye a ƙafa, aka ce wata biyu ba fita. Asibiti suka yarda ta riƙa aiki daga gida muddin ta samu allo mai kyau. Irin na ofishinta kuwa kuɗinsa ya kusa na motarsu.

"Matsakaici za ka nemo mana, Baban yara," ta ce, ta miƙa masa takarda da filas na kwamfuta. "Launi bai dame ni ba. Wanda ke fitar da toka-toka nake so."

"To ai wannan zai fi araha."

"Ya fi tsada."

Ya duba takardar. Rubutun likita ne, ban da "inci 27" ba abin da ya iya karantawa. Ta ce ya bar takardar, akwai hoton gwaji a filas ɗin. A kusurwa ɗaya akwai akwati baƙi, cikinsa wani ƙaramin akwati da bai kai shi baƙi ba. A ɗaya kusurwar fari ne cikin fari. Allon da ya nuna duka biyun, shi ne.

A shagon, alluna sun cika bango, kowanne na nuna kifaye iri ɗaya suna iyo. Mai shago na jin an ce likita, sai ya ja Malam wajen wani lanƙwasasshe mai fitilu ja da kore a bayansa.

"Yallaɓai, wannan ko sauro ya gifta sai ka ga gashin ƙafarsa."

Aka sa filas. Akwatuna suka fito reras. Malam ya gyara tabarau, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Baƙi ƙirin kawai ya gani, babu ƙaramin akwatin.

"Ga shi nan ɓaro-ɓaro!" in ji mai shago.

"Ina?"

"Nan mana."

Ya nuna tsakiyar allon, alhali ba a nan akwatin ma yake ba. Suka gwada na biyu, suka gwada na uku, kowanne mai shago ya rantse ya gani. Malam ya fara zargin idonsa. Ya kira matarsa a bidiyo, ya juya wayar ta kalli allon.

"Ta waya ba zan gani ba," ta ce. "Idonka nake so."

"Idon nawa ne ya ƙi, Likita."

"Ka tambaye shi ko hasken allon yana zama daidai in ya daɗe a kunne."

Ya tambaya. Mai shago ya ce garantin shekara ɗaya ne. Malam ya rasa ko amsar ke nan.

Wata mai ɗaukar hoto da ta zo karɓar firintarta daga gyara ta daɗe tana sauraronsu. Ta ajiye jakarta ta ce, "Baba, ba laifin idonka ba ne. A kashe fitilun saman nan."

Mai shago ya kashe yana gunaguni. Ta bi allunan ɗaya bayan ɗaya. A lanƙwasasshen, ta ce babu komai. A na biyu baƙin ya fito amma farin ya ɓace. Da aka rage haske farin ya dawo, baƙin ya tafi.

"Ba ka da na masu aikin zane?" ta tambayi mai shago.

Ya shiga ciki ya fito da wani kwali mai ƙura. Allon ba shi da ado ko kaɗan, ga kaurin baki, kuma ya ɗan ɗara lanƙwasasshen tsada. Aka kunna. Matar ta ɗora yatsa a kusurwa ta ce, "Ga ɗaya. Ga ɗayan."

Malam ya ƙura ido. Ya ga kamar wani abu, ya ƙifta, ya ɓace, ya sake dawowa. Bai san ko gani yake yi ba ko kunyar matar ce ta kama shi. Ya saya, da sharaɗin zai dawo da shi cikin kwana uku in bai yi ba.

A gida Likita ta sa ya ja teburin nesa da taga, ya saki labule. Ta jingine sandarta, ta daɗe tana kallon allon.

"Zai yi," ta ce. "Amma sai injiniyan asibiti ya auna."

Washegari injiniyan ya zo, ya manna wata 'yar na'ura a gilashin, ya yi ta latse-latse. Daga ƙarshe ya ce allon ya yi wa hoton ƙirji da ƙashi, amma hoton mama sai ta koma ofis.

"Ba allo ɗaya ba ne?" Malam ya tambaya.

Su biyun suka yi masa bayani a tare. Ya gyaɗa kai har suka gama.

A rana ta uku Malam ya biya ta shagon don ya ce sun riƙe. Mai shago ya tarbe shi da kujera da ruwan sanyi. Ya ce wani likitan ya bugo yana neman allo, don Allah Malam ya kwafa masa hoton nan, ya kuma nuna masa daidai inda ake dubawa.

Malam ya gyara tabarau ya ce, "Fara kashe fitilun tukuna."