Motar Ƙasimu Direba

"Bai shiga ba?" Ƙasimu ya tambaya daga kan katifa.

Saminu na durƙushe gaban kwamfutar da ya cire wa murfi, katin da ke ƙara wa kwamfuta ƙarfin nuna hoto a hannunsa, yana ta juya shi. Haƙoran katin daban, ramin da ke cikin injin daban. Shekara ashirin yana gyaran rediyo a bakin Ƙofar Na'isa, kwamfuta kuwa bara ya fara taɓa ta, amma ji da kai ya hana shi tambayar kowa kafin ya yi saƙon katin daga Legas.

"Bai shiga ba, Baba. Sai an aiko da wani."

"Kwana nawa?"

"Sati biyu, in Allah ya yarda."

"To ai ina nan. Ina zan je?" Tsohon ya yi dariya, ya bubbuga gwiwarsa ta dama, inda ƙafar ta ƙare.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Ƙasimu ya yi shekara talatin yana jan tirela tsakanin Kano da Legas kafin ciwon suga ya zaunar da shi a ɗaki. Da farar hula suka karɓi mulki aka yi gwanjon kayan wani ofis, surukinsa ya kawo masa wannan tsohuwar kwamfuta don ta ɗebe masa kewa, Saminu kuma ya saka masa wasan tseren mota. Sai dai injin ba shi da ƙarfin ɗaukar wasan. Motar takan yi gaba ta ƙame, ta sake zabura, kamar mai shaƙuwa. Ƙasimu yakan ce ko a hanyar Jebba da damina bai taɓa tuƙa akwala irin wannan ba. Abu ɗaya ya roƙa: ya ga hanya ta miƙe a gabansa ko sau ɗaya ne. Saminu ya bugi ƙirji ya ce ƙaramin aiki ne, kati kawai za a ƙara.

Sati biyu ya zama shida. Kunya ta sa Saminu ya daina leƙa gidan, har lungu ya canja don kada ya haɗu da Murja, matar tsohon. In ya jiyo tarinsa ta bayan katanga sai ya ƙara ƙarar rediyo. Yana cewa a ransa gara ya shiga da kati a hannu, ya wanke kansa gaba ɗaya.

Ranar wata Alhamis bayan azahar katin ya iso. Saminu ya yi sallama da ƙarfi, ya wuce ɗakin kai tsaye. Ƙasimu ya rame ƙwarai, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Saminu ne? Na ce ko ka yi ƙaura."

"Aiki ne ya yi yawa, Baba."

Wannan karon katin ya zauna daram. Ya ɗaure kusa, ya kunna, 'yar fankar jikin katin ta soma juyawa. Wasan ya buɗe. Kwalta sumul, bishiyoyi na wucewa, har inuwar motar ana gani. Ya ɗora madannan kwamfutar a cinyar tsohon.

"Bismillah, direba."

Ƙasimu ya lalubi madannan da yatsu, ya danna. Motar ta zabura, ta yi gefe, ta daki katangar bakin hanya, ta maƙale a nan tayoyi na hayaƙi, injin na kuka.

"Kai! Yau na ji mota," in ji shi, fuskarsa cike da fara'a. "Dubi yadda take shan kwalta. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Saminu ya dube shi. Idanun tsohon ba a kan allon suke ba, suna can gefe, wajen ƙusar da aka rataye carbi. Ya waiga ya ga Murja tsaye a bakin ƙofa. Ta yafito shi, ya matsa.

"Kwana goma ke nan da idanun suka tafi," ta ce a hankali. "Ya ce kar a gaya maka, wai ka sha wahala."

Kwana goma. Da katin farko ya shiga, da tsohon ya gani. Da ma Saminu ya riƙa leƙowa, da ya sani. Ya ji ya tsani hannuwansa.

"Mun wuce Zariya?" Ƙasimu ya ɗaga murya.

Saminu ya koma ya zauna a gefen katifa. Ya miƙa hannu zai karkato motar daga jikin katangar, tsohon ya ji motsinsa ya make masa yatsu.

"Sitiyarina ne. Yaron mota ba ya taɓawa."

"Mun wuce, Baba. Ga Kaduna can."

"A'a, da wuri haka? Lallai motar nan lafiyayya ce."

Haka suka yi ta tafiya, Saminu na kiran garuruwa ɗaya bayan ɗaya, motar na nan inda ta maƙale. Suna Ilori aka kira la'asar, Ƙasimu ya ce a tsaya a nan, gobe sa ƙarasa. Washegari jikin ya rikice, bai ƙara cewa komai ba sai salati. Ranar Asabar da hantsi ya cika.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Murja ta aika a kira Saminu. Mata sun cika tsakar gida, ana neman wurin shimfiɗa tabarmi.

"Malam Saminu, ɗauke abin nan don Allah. Tun ranar bai yarda a kashe ta ba, sai dai in an ɗauke wuta. Ƙarar yake saurare. Ni kuwa ban san inda ake kashewa ba."

Ya zare wayar daga bango, ɗakin ya yi tsit. Ya rungumi injin ya fito, ya ratsa mazan da ke zaune a zaure, kowa na janye ƙafa yana ba shi hanya. Har ya kai ƙofar gidansa ƙarfen na da ɗumi a ƙirjinsa.