Mayen Ƙarfe a Kan Bonet

Kawu, tsohon mai gyaran jikin mota, bai yarda da baƙin bonet ɗin nan mai zanen saƙa ba. Motar da ɗan ƙanwarsa ke son saya ja ce, don me nan kaɗai ya bambanta?

"Kabon ne zalla, Baba, babu ƙarfe," in ji dillalin motar. "Shi ake yayi."

Kawu ya ɗora mayen ƙarfe a tsakiyar bonet ɗin, ya zame ya faɗi.

Dillalin ya washe baki. "Ka gani?"

Kawu ya sake ɗorawa a gefe, ya manne daram.

"Ƙarfe ne aka lulluɓe da leda," ya ce wa ɗan ƙanwarsa. "Tsakiyar kuwa ciko ne aka shafe lotsawa da shi. Tambaye shi me motar ta buge."