Wayar da Ke Gasa Mini Gwiwa

Tun ranar da autana ya danna wa wayata wani abu, wai shi sabuntawa, ta koma kamar dutsen guga. Kafin in gama gaisuwa kunnena ya yi zufa, kafin azahar caji ya ƙare.

Babu yadda ban yi da shi ba ya kai ta wurin mai gyara. Kullum sai ya ce, "Gobe, Mama." Yayyensa kuwa cewa suke in kashe in kunna. Na kashe, na kunna, har na gaji.

Ran nan na dawo daga aikin shara, na goge matakalar ofis daga sama har ƙasa, gwiwata tana zugi. Na zube a kujera, na ɗora wayar a kan gwiwar, don ko miƙa hannu tebur na kasa. Ɗumin ya ratsa ni har ƙashi.

Can sai ga autan ya shigo.

"Kawo, Mama, in kai ta gyara."

Na dafe ta da hannu.

"Bar ta," na ce. "Duk gidan nan ita kaɗai ta san inda ke mini ciwo."